Mu'azzam a Bayan Kirasidar Baba

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mutum mai kunyar suruki irin Abu Ilham ba. Mijina ke nan, Mu'azzam, ɗan Tasawa ta ƙasar Nijar. Mu a nan Madina aka haife mu, iyayenmu daga Sudan suka zo, kuma a gidanmu kunyar surukai ba ta wuce gaisuwa da ɗan sunkuyar da kai ba. Shi kuwa bawan Allahn nan buhu guda ya ɗauko tasa daga gida. In ya hango Babana a ƙarshen layinmu na Al-Sih, tun daga nan zai tuɓe takalmi, a kan kwaltar da za ta iya soya ƙwai. In za su masallaci, Baba na gaba, shi yana can baya yana ƙirga tsakuwa. Rannan a asibiti suka tsaya a ƙofar lif, Baba ya ce, "Bismillah, shiga." Ya ce, "A'a Baba, kai dai." Suna nan suna wannan har ƙofar ta gaji ta rufe, ta yi tafiyarta sama.

A filin jirgi yake aiki, yana jan kayan alhazai da wata 'yar tarakta wadda ko ka take ta har ƙasa ba ta fi jaki sauri ba. Mutumin da tun yana yaro gudun mota ke cikin jininsa, aka ɗaure shi a kan wannan abu daga safe har yamma. Shi ya sa duk ranar Asabar yake zuwa ya huce haushinsa a wani fili can bayan gari, inda wata ƙungiyar masu son gudu suka shimfiɗa kwalta mai kwana-kwana, suka jera tsofaffin tayoyi a gefe. Ba ƙwararru ba ne, likita ne da mai shagon waya da makanike, kowa da motarsa da hular kwanonsa.

A wurin, 'yan koyo koren sitika ake manna musu a gilashi. Masu shiga tsere na gaske ja ake ba su, kuma sau ɗaya a shekara ake gwajinsa. To, Sagiru makanike, abokin Abu Ilham, ya haɗa wata mota da hannunsa don tseren lokacin sanyi, ya ce masa ƙiri-ƙiri: in ya samu jan sitika, kujerar tasa ce. In bai samu ba, zai ba Zubair, ɗan wansa, wani yaro mai gyaran gashi kamar zakara. Shekara biyu Abu Ilham yana mafarkin wannan kujera. Ko cikin barci ƙafarsa birki take takawa, ni ce shaida, ƙwaurina ne birkin.

Ranar gwajin na bi shi, na bar 'yarmu Ilham wurin ƙanwata Huda. Muna tsaye yana duba iskar taya, sai na ga fuskarsa ta canza kamar wanda ya haɗiye ƙashin kifi. Na waiga. Wata tsohuwar Kirasida mai ruwan madara ce ke shigowa a hankali, da carbi yana lilo a madubi da kwalin tishu a gaba. Motar Babana ce, ko a cikin dubu zan gane ta.

Na ruga na ce, "Baba! Lafiya? Me ya kawo ka nan?"

Ya fito yana gyara jallabiyarsa, ya ce, "Ke Hawa, filin na ubanki ne? Na yi rajista. Ga sitikana." Wallahi kuwa, ga kore shar a gilashi. Ya ce Ilham ce ta ba shi labarin wurin, shi kuma da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan bas ɗin alhazai tsakanin Makka da Madina, ba zai mutu bai ga abin da ke sa surukinsa ɓacewa duk Asabar ba.

Kafin ya rufe baki, Abu Ilham ya riga ya durƙusa a ƙasa cikin rigar tserensa, takalma a hannu. "Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya, Baba? Ya gajiya, Baba?"

"Lafiya lau, Mu'azzam. Tashi mana."

Bai tashi ba sai da Baba ya juya baya.

Mai kula da filin wani Balarabe ne, Kabtin Abdallah, doguwar fuska, ba ya dariya. Ya tara kowa a ƙarƙashin rumfa ya karanto dokoki, ni kuma ina maimaita wa Baba a kunne don jinsa ya fara nauyi. Ya ce ba a wuce mota a kwana, sai a miƙaƙƙiyar hanya. Ya ce in ka ga wanda ya fi ka gudu a madubi, ka fito da hannu ta taga ka nuna masa gefen da zai bi, ka ɗan sassauta ƙafa, ka tsaya a layinka kada ka yi ta rawa. Ya ce na baya ba ya wucewa sai ya ga wannan hannu, kuma in ya wuce ya ɗaga nasa ya gode. Shuɗiyar tuta tana nufin ka ba da hanya. Baƙa tana nufin ka fito waje, kalas, shi ke nan. Sannan ya dubi masu gwaji ya ce, "Ku kuwa, kowace mota mai koren sitika sai kun wuce ta, wucewa mai tsabta. Wanda ya bar ko guda ɗaya, sai baɗi."

Na dubi Abu Ilham. Gumi ya riga ya jiƙa masa wuya.

Na ja shi gefe na ce, "Ka ji dai abin da ya ce. Kowace mota."

"Na ji, Ummu Ilham."

"Har da ta Baba."

Ya dubi ƙasa ya ce, "Yanzu fisabilillahi ni zan shiga gaban mahaifinki in bar masa hayaƙi? A garinmu ko a kan jaki kake, sauka ake yi."

Na ce, "Nan ba Tasawa ba ce, kuma wannan ba jaki ba ne! Wallahi Abu Ilham in ka zubar da shekara biyu saboda wannan, kai da ni ne."

Ya ce in sha Allahu. Na san irin wannan in sha Allahun nasa, ba ya zuwa ko'ina.

Da Kabtin ya ga shekarun Baba sai ya ce a samu wanda zai zauna kusa da shi. Haka aka ɗora min hular kwano a kan mayafi, kaina ya zama kamar tukunyar tuwo, aka ɗaure ni a kujerar Kirasida. Baba ya yi addu'ar hawa abin hawa tun daga farko har ƙarshe, ya sa sigina, ya shiga fili. Na ce, "Baba, ba a sa sigina a nan." Ya ce shi a bakin aikinsa bai taɓa shiga titi babu sigina ba, ba kuma yau zai fara ba.

Gaskiya ban zaci haka ba, Baba ya iya bin doka. Tuƙinsa dai na bas ne, yana shan kwana kamar yana ɗauke da tsofaffi hamsin masu ciwon baya, amma idonsa na kan madubi. Mota na zuwa zai miƙa hannu ya nuna dama, ya ce, "Tafaddal, ɗan'uwa." Likita ya wuce ya ɗaga hannu, Baba ya ce, "Madalla, ɗan mutunci." Mai shagon waya ya wuce ya ɗaga hannu, Baba ya ce, "Allah ya yi albarka." Har wani daɗi yake ji, yana murmushi a cikin hular.

Sai ga Zubair a farar mota. Baba ya nuna masa hanya, yaron ya wuce fuu, ko ɗan yatsa bai ɗaga ba.

Baba ya ce, "Af! Wannan ɗan wane ne?"

"Ɗan wan Sagiru ne."

"Ba a koya masa godiya ba?"

A lokacin ne shuɗiyar motar Sagiru ta cika madubi, da Abu Ilham a ciki. Ya zo kamar iska, injin na kuka, zuciyata ta ce yau dai Allah ya yi. Muka fito miƙaƙƙiyar hanya. Baba ya miƙa hannu ya nuna dama, ya sassauta ƙafa, daidai yadda Kabtin ya ce.

Abu Ilham ma ya sassauta.

Na juya ina kallonsa ta gilashin baya. Mutumin nan, cikin hular kwano, a kan kwaltar tsere, sunkuyar da kai yake yi yana gaisuwa!

Baba ya ce, "Ko bai gani ba ne?" Ya ƙara fito da hannu har kafaɗa yana kaɗawa. Abu Ilham ya ɗora hannu a ƙirji ya sake sunkuyawa. Hanya ta ƙare, muka shiga kwana, Baba ya mayar da hannu.

A zagaye na gaba haka aka sake. Baba ya ce watakila gudun ne ya yi masa yawa, bari ya rage. Ya rage, Abu Ilham ya rage. Sauran motoci suka zagayo suka taru a bayansa. Shi kuwa, don kada a ce ya tare hanya, ya dinga miƙa hannu yana ba su wuri ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsaron ƙofar gidan biki. Su wuce shi, Baba ma ya nuna musu, su wuce mu. Likita ya wuce mu karo na biyu yana leƙowa ko lafiya. Zubair ya sake wucewa, wannan karon ma babu godiya, har da ɗan karkato kai yana dariya. Kowa ya tafi, aka bar mu mu biyu, suruki a gaba suruki a baya, kamar masu rakiyar amarya.

Mai tuta ya yi ta kaɗa mana shuɗiya har hannunsa ya gaji ya sauya hannu. Baba ya leƙa ya ce masa, "Ya akhi, ai na ba shi! Shi ne ya ƙi karɓa!"

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na fito da kai ta taga, hular na neman tsinke min wuya, na ƙwala, "Abu Ilham! Wuce! Don girman Allah ka wuce!" Ya ɗaga min hannu alamar in yi haƙuri. Haƙuri! Na ce, "Wallahi yau babu tuwo a gidan nan! Babu shayi! Ka je Tasawa su dafa maka!" Baba ya ce in shigo da kaina kafin in zubar masa da mutunci a gaban Larabawa.

Muka yi ta raguwa. Allurar gudu ta sauko har ta kwanta. Wata mage da ke kwance a kan tayoyin gefe ta tashi ta yi miƙa, ta bi gefenmu tana tafiya, ta gaji da mu ta wuce gaba. Can a bakin rumfa na hango Sagiru ya ɗora hannu biyu a ka, Kabtin kuma yana duba agogo, ɗaya hannun yana lalubar baƙar tuta.

A nan fushina ya juye ya zama tsoro. Na san yadda mutumin nan ya ƙwallafa rai a kan kujerar. Na san in ya rasa ta ba zai ce komai ba, zai koma kan taraktarsa ya yi shiru, kuma shirun nan ni zan zauna da shi. Hawaye suka zubo min cikin hular, ba ni da ko hanyar sharewa.

Baba ya ce, "Ke, kuka kike? A kan wasan mota?"

Na ce, "Baba, ba wasa ba ne a wurinsa. Gwaji yake yi. In bai wuce ka ba ya faɗi, Sagiru zai ba yaron can motar. Kuma ba zai wuce ka ba ko za a yanka shi, a garinsu ba a shiga gaban suruki."

Ashe duk bayanin Kabtin na ƙarshe bai shiga kunnensa ba, don hankalina na kan Abu Ilham ban maimaita masa shi ba. Ya ce, "Innalillahi. Wato ni ne na zo na tsaya masa a hanya?"

"Kai ne, Baba."

"To in fita mana."

"In ka fita bai wuce ka ba, duk ɗaya ne."

Ya ci gaba da tuƙi, yana shafa gemu ta ƙarƙashin hular. Muka sake fitowa miƙaƙƙiyar hanya. Sai ya ce, "Ba a shiga gaban babba, haka ne. Amma ko a Tasawa ai ana aiken yaro."

Kafin in gane nufinsa, Baba ya taka birki, Kirasida ta tsaya cak a tsakiyar filin tsere. Ya fito da rabin jikinsa ta taga, ya juya baya, ya buɗe muryar nan tasa ta kiran fasinja a tasha.

"Mu'azzam!"

Daga bayanmu muka ji, "Na'am, Baba!"

"Ka ga farar motar can? Yaron nan sau biyu yana wuce ni ko hannu bai ɗaga min ba! Aikenka nake yi! Maza je ka sha gabansa, ka nuna masa yadda ake yi! Kada ka dawo min sai ka yi!"

Sannan ya koma kujera, ya ja mota, ya miƙa hannu ya nuna dama.

Jama'a, ban taɓa jin ƙarar inji irin wannan ba. Shuɗiyar motar ta fito dama, ta bar mana fili isasshe, ta zo daidai tagata. Abu Ilham ya ɗaga hannu sama, kai a sunkuye, ya yi ihu, "Gafara dai, Baba! Yanzun nan, Baba!" Kafin in ƙifta ido ya zama ɗigo.

Ka san aiken babba ba a jan ƙafa a kansa. Mutumin da ya yi rabin lokacinsa yana tafiyar hawainiya, yanzu ga shi yana cin kwana kamar an ɗora motar a kan layin dogo. Muna daga nesa muna kallo. Ya cimma likita, ya jira hannu, ya wuce, ya gode. Ya cimma mai shagon waya, ya jira, ya wuce, ya gode. Baba yana dukan sitiyari yana cewa, "Yawwa! Yalla, yalla! Haka nake so!" Ni kuma ina ta salati ina dariya, majina da hawaye duk sun cakuɗe.

Ya isa bayan Zubair ya manne masa. Yaron ya yi kamar bai gani ba, ya ƙi fito da hannu. Na ce shi ke nan, yanzu zuciya za ta ɗebe shi ya kutsa a kwana ya ɓata komai. Ina! Ya zauna a bayansa tsaf, bai matse shi ba, bai yi masa fitila ba. Mai tuta ya kaɗa wa Zubair shuɗiya har yana tsalle. A miƙaƙƙiyar hanya ta ƙarshe dai yaron ya zaro hannu kamar ana cire masa haƙori. Abu Ilham ya wuce, ya ɗaga masa hannu sama sosai, ya bar shi a sama har sai da kowa ya gani.

Mu kuwa baƙar tuta ta same mu tun kafin nan. Baba ya sa sigina ya fita.

Da aka tashi, Kabtin Abdallah ya tara mu, fuskar nan tasa ta ƙara tsawo. Ya ce tun da yake wannan aiki bai taɓa ganin shirme irin na yau ba. Ya dubi Abu Ilham ya ce ya bincika dokokinsa kaf, bai samu inda aka hana mutum zama wawa ba: bai tare kowa ba, bai wuce a kwana ba, bai wuce babu izini ba, kuma babu koren sitikan da ya bari. Ya ciro ja daga aljihu ya miƙa masa. Sagiru ya yi kabbara, Zubair ya tafi gyaran gashinsa.

Sannan Kabtin ya juyo kan Baba. "Amma kai, ya Hajj, ka tsayar da mota a tsakiyar hanya, ka fito da jikinka waje. Da wani ya zagayo a lokacin, da yanzu maganar asibiti muke. Ma'alesh, ka yi haƙuri, ba za ka sake tuƙi a filin nan ba." Ya je da kansa ya ɓanɓare koren sitikan daga gilashin Kirasida.

Na ga yadda Baba ya bi sitikan nan da kallo. Ya ji daɗin filin, na sani, ina zaune kusa da shi. Amma cewa ya yi, "Gaskiyarka, Kabtin. Ni ma da ni ne kai haka zan yi."

Sai ga Abu Ilham ya zube a gaban Kabtin, ya miƙa jan sitikan da hannu biyu. Ya ce a karɓa, a mayar wa Baba nasa. Ya ce shi ba zai hau kujerar da aka kori surukinsa a kanta ba.

Na buɗe baki zan yi masa ta tas, Baba ya ɗaga min hannu. Ya tako ya tsaya a kansa.

"Mu'azzam, ɗago ka dube ni."

Da ƙyar ya ɗago.

"In ka mayar da abin nan, ban yafe ba. Ka ji ko?" Ya ɗan tsaya, ya gyara murya. "'Ya'ya shida Allah ya ba ni, duk mata, alhamdu lillahi. Da ka shigo gidana na ce to, na samu wanda zan ce wa tashi ka je, ya je. Sai ka yi ta gudu na kamar ni dodo ne. Kana tsammani gudun mota ne ya kawo tsoho kamata nan? Yau na aiki ɗana, ya je, ya dawo. Ni na samu abin da na zo nema."

Abu Ilham ya rufe fuska da hannun rigarsa, kafaɗunsa na girgiza. Ni ma na ja bakin mayafina na share ido.

Baba ya kama shi a damtse ya miƙar da shi tsaye, ya ce, "Yalla, je ka manna shi, ina kallo. Ka manna shi daidai, kada ya karkace."